Yadda Malami Ya Kafa wa Shanu Doka

A Sabon Birni akwai wani mutum ana ce masa Malami. Babban ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati mai kula da sha'anin noma. Shekararsa ashirin da bakwai yana aiki, yana da kujera mai juyawa da fanka tasa shi kaɗai. Mataimakin darakta ne, amma in ka kira shi Darakta ba ya gyara maka. Gona kuwa, iyakarsa da ita ya hango ta ta tagar mota.

Wata Litinin takarda ta zo ofis. Wata cibiya a Abuja tana neman manyan ma'aikata su je su yi wata tara suna nazarin tsare-tsare da sha'anin mulki. Ci da kwana duk a kanta, albashin mutum yana nan yana tafiya, a ƙarshe kuma a kai shi ƙasar waje ya yi wata guda ya ga yadda ake yi a can. Gurbi ɗaya tak aka ware wa gabashin Sakkwato.

Malami bai ƙarasa karantawa ba ya ɗora hula ya nufi rumfar mai shayi, inda ma'aikata ke taruwa.

"Ku dube ni da kyau," in ji shi. "Wata biyu ya rage muku."

"Ritaya za ka yi?" in ji Hamza, tsohon direban ofis, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin.

"Ritaya? Karatu za ni. Karatun manya, inda ake koya ma mutum riƙon ƙasa."

"An ɗauke ka ke nan?"

"Daga nan har Isa, nuna mini wanda ya kama ƙahwata."

"To, Allah shi sa," in ji Hamza. "In ka zama gwamna ka sa a canza muna tayar baya."

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Malami zai tafi Turai. Kafin magariba an ce ya riga ya tafi. Wata tsohuwa da ta gamu da shi a hanya har ta yi masa barka da dawowa, ya amsa.

Washegari ya zauna cika takarda. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku, alƙalami na gudu. A shafi na huɗu ya tsaya cak. An ce mai nema ya bayyana wani tsari da ya ƙirƙiro da kansa wanda jama'a ke amfana da shi. Malami ya duba shekara ashirin da bakwai sama da ƙasa. Abin da ya samu guda ne: ya taɓa sa an matsar da randar ruwan ofis daga hagu zuwa dama, bayan kwana biyu aka mayar da ita hagu.

Sai ya tuna da sakin gonaki. A ƙasar nan, in an girbe an kwashe, sai a saki gona shanu su shiga su ci kara, su bar wa mai gona taki. Ba rana tsayayya. Mai gona da makiyayi ne ke dubawa su ce ya yi ko bai yi ba. Malami ya ga wannan ai rashin tsari ne muraran. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: Tsarin Malami na Sakin Gonaki Bisa Agogo. In an kafa koriyar tuta, shanu su shiga. In an kafa ja, su tsaya. Ƙarfe goma a busa usur su shiga, ƙarfe huɗu a busa su fita. Inda aka tambayi tun yaushe ake yi, ya sa shekara uku. Inda aka tambayi a ina, ya sa Tsamaye, garin matarsa, don ya san hanyar ba ta da daɗi, ba ɗan Abujan da zai bi ta.

Bayan mako uku amsa ta zo. Yana cikin mutum uku da aka tace. Wata Dakta Rukayya za ta zo ranar Alhamis ta sama ta ga tsarin da idonta. Saura kwana tara.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa Fatu tana tsince wake. Ya karanta mata takardar da ƙarfi, yana tsallake wurin da bai yi masa daɗi ba. Ta sa ya koma ya karanta wurin.

"Wane tsari na wanga?" in ji ta.

"Nawa. Na Tsamaye."

"Ni ɗiyar Tsamaye ta. Ban taɓa ganin tuta ba can sai ta 'yan siyasa."

"Za ki gani."

"Kac ce shekara ukku."

"Fatu, kowane babban tsari cikin kai shika hwarawa."

"To shi zauna can cikin kan. Ka rubuta musu ka ce kuskure na."

"Ni? Bayan duk gari ya yi mini bankwana?"

Ya sa tela ya ɗinka tutoci ashirin, goma kore goma ja, da kwat ɗaya baƙa mai kafaɗa. Ya sayo usur irin na alƙalin wasan ƙwallo. Da yake shi mutum ne mai son bin ƙa'ida, ya ce sai an yi gwaji. Ya ja layi da toka a tsakar gida, ya shanya waken Fatu a bayan layin, ya kafa jar tuta, ya kwance awakinta uku.

Ya busa usur.

Akuya ta farko ta yi tsalle ta faɗa ɗakin girki. Ta biyu ta taka layin ta hau waken. Ta uku, wata baƙa mai ciki, ta bi ta kan turmi ta haye katanga ta dira gidan maƙwabciya, Habi mai awara. Aka ji ƙarar tukunya, sannan aka ji Habi.

"Fatu! Fatu! Akuyakki ta iske ni har cikin kasko!"

"Ba ni ba ta, Habi. Darakta na ka koya musu mulki."

Habi ta leƙo ta kan katanga, ludayi a hannu. "Malami, in Turai za ka, tahi. In nan kake, ɗaure dabbobinka. Kak ka haɗa muna biyun."

"Habi, bincike nike."

"Bincika mini awarata cikin ƙasa, ga ta can."

Malami ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa gwaji ya yi kyau, sai dai akuya dabba ce marar tarbiyya, saniya kuwa babba ce, tana da hankali.

Ranar Asabar Hamza ya kai shi Tsamaye neman gona. Nan ya tarar da abin da bai sa a lissafi ba. Gero dai an girbe ya shiga rumbu, amma dawa tana tsaye, kanta ya sunkuya, saura kwanaki a yanke. Duk wanda ya tambaya aron gona sai ya dube shi ya dubi takalminsa ya wuce. Gona ɗaya ce ta dace, ta bakin hanya: rabi karan gero da aka girbe, rabi dawa. Ta Ibrahima ce, mahaifin Fatu.

Malami, da ke tsawa a ofis har fanka ta girgiza, tun daga nesa ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa a gefen tabarma, ido a ƙasa, murya kamar ta ɗan tsako. Suka gaisa. Suka sake gaisawa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi jaki.

"Baba, dama... gona."

"Gona lahiya lau," in ji tsohon. "Dawa saura kwana ashirin."

"Dama wasu baƙi na za su zaka. Daga Abuja. Su ga gona."

"Su zo su gani mana. Mi a ciki?"

Malami ya buɗe baki zai ce shanu.  Sai ya fasa, ya sake tambayar jaki.

"Jaki shina nan inda kab bar shi ɗazu. Da wata magana?"

"Babu, Baba."

A mota ya ce wa Hamza, "Ya amince."

"Ka hwaɗa mai zancen shanu?"

"Cewa yay yi su zo. Bai ware kowa ba."

Daga nan suka wuce rugar Arɗo Illo, wanda shanunsa ke kwana a gonar Ibrahima kowace kaka. Illo ya shimfiɗa musu tabarma ya sa aka kawo nono. Malami ya zaro tutoci ya yi bayani tun daga farko, har da busa usur sau biyu. Illo yana zaune, sanda a kan gwiwa.

"Kore, shiga," in ji Malami.

"Madalla."

"Ja, tsaya."

"Madalla."

"Ka gane dai ko, Arɗo?"

"Ni na gane, Darakta." Ya nuna garke da haɓa. "Su na ban sani ba."

"Su ai kai za su bi."

"Gonar wa?"

"Ta surukina, ta bakin hanya."

"Ibrahima ya yanke dawa?"

"Za a ja layi."

Illo ya dubi wata saniya da ke tuƙa. "Za ni kawo su bakin gona," in ji shi. "Shiga kam, sai na ji daga bakin mai gona."

Malami ya ji rabin farko, ya miƙe ya yi godiya.

Saura jama'a. Ya tara mutanen Tsamaye a gindin tsamiya ya gaya musu babbar baƙuwa na zuwa daga Abuja. Bai ce za a raba takin zamani ba, amma da wani ya tambaya bai ce ba za a raba ba. Ya koya musu jimla ɗaya, suka yi ta maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya: tsarin Darakta ya kawo muna zaman lahiya. Sauran magana kuwa ya ce su bar masa. Baƙuwa Turanci take ji, shi ne tafinta, duk abin da suka faɗa ta bakinsa zai bi.

Ranar Laraba Ibrahima ya tafi Isa sunan jika. Malami ya samu fili. Ya ja layi da farar ƙasa tsakanin kara da dawa, ya jera jajayen tutoci a kai, koraye a bakin hanya. Ya ja baya ya duba, ya ce ko a ƙasar waje iyakar abin ke nan.

Alhamis da hantsi gari ya fito, wasu da buhu a hammata. Shanun Illo sittin suna tsaye a bakin gona. Ibrahima, dawowarsa ke nan, yana zaune a inuwa cikin dattawa, bayansa ga gonar. Malami na cikin kwat da laktaye, usur a wuya, zufa na bin kunnensa.

Mota ta tsaya. 'Yan sanda biyu suka fito, sannan wata gajeruwar mace mai ƙaton ɗauri da takalmin gudu. Malami ya gyara murya ya fara jawabi da Turanci. Bai kai jimla ta biyu ba ta wuce shi. Ta tsaya gaban dattawa tana duban tsagen Gobirawa da ke kumatunsu, ta kama haɓa.

"Innalillahi!" in ji ta da Hausa tsantsa. "Wace kyanwa ce ta yi muku wannan aika-aika?"

Wuri ya yi tsit. 

Ibrahima ya ɗaga kai a hankali. "Ke ɗiyar wa ta?"

"Bayarbiya ce, Baba. Haihuwar Funtuwa."

Sai wuri ya fashe da dariya. Bagobiri da Bayarabe taubasai ne tun kaka da kakanni. Duk inda suka haɗu sai sun yi wa juna tsiya, kuma ba a fushi.

"Ashe baiwarmu ta anka aiko muna!" in ji Ibrahima. "Mata, ku ɓoye barkono!"

"Ku da ke miya ba manja, me za a sata a gidanku?"

"Ina goron ubangidanki?"

"Au, bawa ne zai tarbi uwar ɗakinsa hannu rabbana, kuma ya nemi goro? Matsa mini in zauna."

Tsohon ya matsa mata a tabarma yana dariya har hawaye. Wata tsohuwa ta zo ta taɓa ɗaurin nata ta tambaya ko kayan ɗaki ta ɗauko a ciki. Dakta ta ce a'a, hankali ne ta kawo wa Gobirawa, ta ji an ce ya yi tsada a nan. Aka yi shewa. Ba wanda ya ƙara duban tafinta.

Malami ya zagaya bayan jama'a yana ɗaga hannu. "Ɗaya, biyu, ukku!"

Mutum biyu suka ce, "Tsarin Darakta ya kawo muna..." Na uku ya ce, "Taki!" Wani daga baya ya ɗaga buhu ya ce, "Shi muka jira!"

Dakta ta buɗe littafinta. "To, Baba, wasa a gefe. Wannan tsari shekara nawa kuna yin sa?"

"Wane tsari?"

"Na tutoci."

Ibrahima ya waiwaya. Ya ga kore, ya ga ja, ya ga farin layi ya ratsa gonarsa.

"Ni ma yanzu nig gan su," in ji shi. "Siyasa ta tashi kuma?"

Dakta ta juyo ta dubi Malami. Da wani ne ya faɗi haka, da Malami ya ce tsufa ne, ya manta. Amma suruki ne.  Ya duba agogo, Allah ya taimake shi, goma daidai.

"Lokaci ya yi!" Ya ruga bakin gona ya busa usur.

Shanu suka ci gaba da tuƙa.

Ya sake busawa har kumatunsa suka kumbura. Ya cire koriyar tuta ya kaɗa ta sama da ƙasa. Wata saniya ta dube shi, ta saki fitsari, ta kau da kai.

"Wataƙila agogonsu na baya," in ji Dakta.

"Arɗo! Ce musu su shiga!"

"Mai gona bai ce ba," in ji Illo.

"Su shiga ina?" in ji Ibrahima, ya fara neman sandarsa.

Malami ya ga in aka amsa wannan tambaya, Abuja ta tafi. A gefen hanya akwai jaki da kayan harawa. Ya fizgi dami ɗaya ya kai shi hancin wata farar saniya mai dogon ƙaho, uwar garke. Ta shinshina, ta tako. Ya ja baya, ta biyo. Sauran suka ɗaga kai suka biyo ta.

"Kin gani, Dakta?" Yana tafiya da baya cikin karan gero, harawa a hannu, haƙora a waje. "Da tsari komi shina yiwuwa!"

Farar ta ƙara sauri. Ya ƙara. Ta ƙara. Ya ga ƙaho sun cika masa ido, ya juya ya zuba a guje. Ƙasa ta ɗauki rugugi.

"Yada harawar!" in ji Hamza. "Darakta, yada ta!"

Malami ya ƙanƙame ta a ƙirji. Laktaye ya koma bayan wuya, hula ta yi nata wuri. Da ya isa farin layi, sai ya tuna shi mai doka ne. Ya ja birki, ya cire jar tuta, ya juyo ya ɗaga ta.

"Tsaya!"

Ya ba su daƙiƙa ɗaya. Sannan ya yar da tutar ya tsallake layinsa da kansa, ya faɗa cikin dawa. Shanu sittin suka rufa masa baya. Kara ya yi ta karyewa ƙas-ƙas-ƙas, mata suka ɗora hannu a ka, 'yan sanda suka hau bayan mota.

Illo bai gudu ba. Ya ɗora sanda a kafaɗa, ya yi kira ɗaya mai tsawo daga cikin maƙogwaro. Rugugi ya tsaya. Farar ta juyo, sauran suka juyo, suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tauna, suka koma inda suke.

Aka shiga neman Malami. Aka same shi kwance cikin kwarin kunya, takalmi ɗaya, igiyar damin kaɗai ta rage a hannunsa. Wani ɗan maraƙi da bai ji kira ba yana lasar gishirin zufa a wuyansa. Bayan kwat ɗin kuwa ya sha taki tun kafin gona ta samu.

Jama'a suka yi cirko-cirko ana jiran rigima. Ibrahima da Illo suka shiga gonar su biyu, hannu a baya, suka zaga inda aka tattake, suka fito.

"Dami biyar," in ji Illo.

"Huɗu na. Kak ka ƙara mini."

"Akwai na gehen can da ba ka duba ba."

"Wancan tsuntsu ya riga ya ci rabi. Huɗu."

"To. In ka yanke, shanu su yi maka kwana goma sha biyar, ba goma ba."

"Ya yi."

Suka yi musabaha, Ibrahima ya ɓare goro ya ba shi rabi. Duka-duka bai kai a sha kofin shayi ba.

Dakta Rukayya ta daina wasa. Alƙalaminta na gudu. "Tun yaushe kuke haka?"

"Tun ubanai da ubana," in ji Ibrahima.

"Ba takarda? Ba alƙali?"

"Alƙali ya san dawa ta nuna?"

"In kun saɓa fa?"

"Sai mu kira wanda yaf hi mu tsuhwa," in ji Illo. "Yanzu kam ya yi wuyar samu."

Ta cika shafi uku. Malami ya ɗingiso ya tsaya gabanta, ya gyara laktaye, maraƙin na biye da shi.

"Dakta, yau dai an samu 'yar tangarɗa. Amma in kin duba, shanun sun shiga ƙarhe goma."

"Malam Malami, ka rubuta mana shekara uku ana yi."

"Ga tunani. Shekara ukku ina tunaninai."

"Ƙarya ta," in ji wata murya daga cikin mata. Fatu ce, ta biyo motar kasuwa. "Wata guda na da kwana biyu."

Dariya ta tashi har jakin ya firgita. Dakta ta rufe littafi. "Abin da na gani shi zan rubuta. Gurbin nan ya wuce ka, gara ka ji daga bakina." Ta juya ga tsofaffin biyu. "Ku kuwa ina da roƙo. Waɗanda muke koya wa mulki manyan mutane ne, sun karanta littattafai da yawa, amma ba su taɓa ganin abin da na gani yanzu ba. Ku zo Abuja ku zauna da su kwana uku ku gaya musu. Mu za mu kai ku mu dawo da ku."

"In dai ba ke za ki yi muna miya ba," in ji Ibrahima.

Illo ya sosa gemu. "Kwana ukku da yawa. Wa za shi tsare mini shanu?"

Ibrahima bai dubi surukinsa ba. Ya ɗaga sanda ya nuna shi ta bayan kafaɗa.

"Ga wanda sunka sani nan. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa ganin shanu sittin sun so mutum guda hakanga ba."

"Gaskiya ta," in ji Illo. "Ko ni ba su bi na da gudu."

"Ka ji ko?" in ji Ibrahima, yana duban ƙasa.

Malami ya tuɓe takalmin da ya rage, ya durƙusa. "Na ji, Baba."

Taro ya watse, masu buhu suka naɗe buhunansu suna zagi. Malami ya tako wurin mota a hankali, yara da manya na buɗa masa hanya suna toshe hanci. Da ya iso ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, ya miƙe ƙirji.

"Hamza, ka dai ji da kunnenka. Duk cikin taron ga, ni anka zaɓa."

 Hamza ya shimfiɗa buhu a kan kujera, ya sauke gilasai duka huɗu, sannan ya bar shi ya shiga.